Babi na Shida: Aibi Suna Ya Tara

Ranar 29 ga Mayu, 2007, a dandalin Eagle Square da ke Abuja, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗi abin da ba a saba ji daga bakin wanda ya ci zaɓe ba. Yana gama shan rantsuwa ya amsa a bainar jama'a cewa zaɓen da ya kawo shi bai fita tsaf ba. Kalmar Turancin da ya ɗauka ita ce "shortcomings". Jaridun waje kuwa tun cikin watan Afrilu wata kalmar suke ta nanatawa, wato "flawed". In mai fassara ya yi sauri, duka biyun "matsaloli" zai mayar da su, alhali maganganu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Mai cewa shortcoming yana nufin an tasam ma wani matsayi, ƙoƙari ya gaza, ba a kai ba, sai a ƙara himma a gaba. Mai cewa flawed kuwa ɓaraka yake nunawa a cikin ginin kansa, yana tambayar ko abin ya cancanci a tsaya a kansa. Shugaban ya zaɓi mai sauƙin, kodayake a yi masa adalci, cikin watan Agusta na shekarar ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais.

Ƙananan ƙamusoshin da ɗalibai ke riƙewa sukan jera fault da defect da flaw da blemish da imperfection a layi ɗaya kamar duk abu guda suke nufi. Ga mai rubuta insha'i a aji, wannan ba wata illa ba ce. Amma a takardar kwantiragi, ko wasiƙar kamfani, ko sanarwar hukuma, kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da hukunci: tana faɗin inda aibin yake da lokacin da ya shiga, kuma a kaikaice tana faɗin wanda zai biya. Masu rubuta irin waɗannan takardu sun san haka sarai. Mai karantawa ne yakan wuce bai lura ba.

Fault ce ta fi yawo a bakinmu, daga garejin makaniki zuwa gindin taransifoma. Ta shiga Turanci ne daga Faransancin da Normawa suka zo da shi bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin yaudara ko saɓa wa tsammani. Fail da false da default duk 'yan ɗakinta ne. Da farko "faute" ake rubuta ta, daga baya masana masu son nuna asalin Latin suka cusa mata harafin l, mutane kuma suka daɗe ba sa furta shi. Har a 1755, lokacin da Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa, ya lura cewa a hira yawanci haɗiye harafin ake yi.

Abin lura da fault shi ne fuska biyu gare ta, Hausa kuwa ta raba fuskokin da kalmomi daban. In aka ce mota tana da fault, aibi ne a jikin ƙarfe. In aka ce direba ne "at fault", laifi ne a wuyan mutum. Shi ya sa lauyoyi da kamfanonin inshora ke riƙe da ita, shi ya sa kuma aka kira sakin auren da ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi "no-fault divorce", wanda jihar Kalifoniya ta fara aiki da shi a 1970, Ingila ta bi sahu a 2022. Tana da wata ma'ana ta uku da ta fito daga ramin masu haƙar kwal: suna bin jijiyar kwal a ƙarƙashin ƙasa sai su tarar ta yanke, ta goce sama ko ƙasa, su ce sun ci karo da fault. Daga nan masana ƙasa suka ɗauke ta suka raɗa wa tsagar da ke tsakanin manyan faifan duwatsu. Motsin irin wannan tsaga ne ya jawo girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta ci rayuka sama da 50,000.

Sifarta, wato faulty, ba ta faɗin komai sai cewa abu ba ya aiki yadda ya kamata. Ko tsufa ne, ko ƙura, ko ɓera ne ya ci waya, ba ruwanta. Defective ce ke nuna yatsa, kuma masana'anta take nunawa. Asalinta daga Latin ne mai nufin wani abu ya kasa ko ya tawaya, tushe ɗaya da deficit da muke cewa giɓin kasafin kuɗi, da defection ta 'yan siyasa masu sauya sheƙa. Lauyoyin Amurka sun kasa defect gida uku: wanda ya faru wajen ƙera wani kaya guda a cikin dubbai, wanda ke cikin zanen kayan tun asali ta yadda duk wanda aka ƙera yana ɗauke da shi, da kuma rashin gargaɗin mai saye game da haɗarin da kamfani ya sani.

Babu inda wannan bambanci ya fito fili kamar a labarin jirgin Boeing 737 MAX. Ranar 29 ga Oktoba, 2018, wani jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris, 2019, na kamfanin jiragen Habasha ya faɗi mintoci kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa da mutum 157, ciki har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. A haɗarin duka biyu, wata ƙaramar na'ura da ke auna yadda hancin jirgi ke fuskantar iska ta ba da bayanin ƙarya, sai wata manhaja mai suna MCAS ta yi ta danna hancin jirgin ƙasa, matuƙa suna ja tana dannawa. To, me za a kira wannan? In aka ce "faulty sensor", an taƙaita maganar a kan ɗan ƙarfe guda da za a kwance a sa sabo. In aka ce "pilot error", an mayar da ita kan matattu, waɗanda ba za su tashi su kare kansu ba. In kuwa aka ce "design flaw", to tambayar ta koma kan waɗanda suka yarda manhaja mai irin wannan iko ta dogara da na'ura ɗaya tak, ba tare da an sanar da matuƙa cewa tana cikin jirgin ba. Duka kalmomin uku sun yi yawo a lokacin, kuma ko wane ɓangare ya san wadda ta fi masa daɗi. Da na'urar ce kawai ta lalace, da ba a dakatar da wannan samfurin jirgi daga tashi na tsawon wata 20 a Amurka ba.

A fagen ciniki, dokar Ingila ta raba defect biyu: "patent", wanda ido zai gani in an duba, da "latent", wanda ke ɓoye sai an kai kaya gida. Dokar sayar da kaya ta 1893, wadda ta shigo Najeriya tare da sauran dokokin Ingila na kafin 1900, ta ce in mai saye ya duba kaya, ba shi da bakin kuka a kan aibin da dubawar ya kamata ta nuna masa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ɓoyayyen aibi hukuncinsa daban. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji wannan a matsayin sabon abu ba, don fiƙihun Malikiyya ya daɗe da ba mai saye zaɓi in ya gano tsohon aibin da ba a faɗa masa ba: ya riƙe kayan ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Akwai kuma sanannen hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar ƙasansa a jiƙe, samansa a bushe, ya yi tir da wannan algus. Wannan jiƙaƙƙen hatsin shi ne latent defect, ba ragi ba ƙari. Saboda haka jimlar nan da ake bugawa a ƙasan rasiɗi a kantuna, mai cewa kayan da aka karɓa "in good condition" ba a dawo da su, ba ta da ƙarfin da masu shago ke zato. Ita da kanta ta gindaya sharaɗin lafiyar kaya, kuma dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi.

Flaw ta bi wata hanya dabam. A tsohon Turanci ɓarɓashi take nufi, ko ɓallin dutse, sannan ta koma nufin tsagar da ɓallin ya bari. Har yau wannan hoton na nan a cikinta: abu ne mai kyau, wataƙila ma mai tsada, amma da wata siririyar tsaga a cikinsa. Ba a cewa tarkacen bola flawed. Masu tantance lu'ulu'u sun fi kowa tsantseni a nan. A ma'aunin cibiyar GIA ta Amurka, ana duba dutse da gilashin da ke ninka girmansa sau 10. Abin da ke cikin dutsen suna kiransa inclusion, abin da ke fatarsa kawai, kamar ƙarzuwa, shi ne blemish. Dutsen da ba a ga ko ɗaya a jikinsa ba shi ke samun matsayin Flawless. Blemish ke nan tabo ce ta waje, tana rage kyau da kuɗi, ba ta hana aiki. Mai sayen ragon layya ya san wannan rabe-raben ko da bai taɓa jin kalmar ba: karyayyen ƙahon da ya warke ba ya hana layya a mazhabarmu, amma bayyanannen gurgunta ko rama ko ciwo ko rashin ido ɗaya suna hanawa.

Kada ƙanƙantar flaw ta ruɗi mutum. Cikin Afrilun 1990 Amurka ta harba madubin hangen sararin samaniya na Hubble, aikin da ya ci kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya. Hotunan farko suka dawo dishi-dishi. Da aka bincika, sai aka tarar babban madubinsa mai faɗin mita 2.4 an goge gefensa fiye da kima da maikiromita 2.2, kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi. Abin takaicin, an yi gugar da matuƙar ƙwarewa, sai dai na'urar da ake auna aikin da ita ce aka harhaɗa a karkace da milimita 1.3, madubin kuma ya bi ta sau da ƙafa. Wasu gwaje-gwajen sun nuna akwai kuskure, aka yi watsi da su don an fi yarda da babbar na'urar. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka saka masa gilasan gyara.

Wadda ta fi duka taushi ita ce imperfect, kuma saboda taushin nata ya kamata a sa mata ido. Asalin perfect a Latin "wanda aka gama" ne, shi ya sa a nahawu ake kiran aikin da ake cikin yi a da imperfect: "yana rubutu" maimakon "ya rubuta". A yau kuwa imperfect na nufin abin da bai kai matuƙar kamala ba, wanda ya haɗa da duk abin da ɗan Adam ya taɓa yi. Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma wannan gaskiya ce a bakin malami mai wa'azi. A bakin jami'in da aka titsiye da tambaya kuwa, mafaka ce. Duk wanda ya amsa zargi da cewa babu tsarin da yake perfect, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. An tambaye shi ne ko aibin ya kai ya ɓata aikin. Dokar zaɓen Najeriya ma a kan wannan gaɓar ta tsaya, da abin da take kira "substantial compliance": ba a rushe zaɓe don an sami saɓa ƙa'ida, sai in saɓawar ta yi yawan da ta taɓa sakamako. A kan wannan ma'auni alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da uku cikin Disambar 2008 a ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar, masu rinjaye suka bar zaɓen 2007 a tsaye, sauran ukun suka ce takardun ƙuri'a marasa lambar jeri sun isa su rushe shi.

Kalmomin rashin kammaluwa ba su da wuyar sha'ani sosai. Incomplete na nufin wani ɓangare babu, kamar fayil ɗin fansho da aka rasa takarda ɗaya a ciki. Unfinished na nufin an fara aiki ba a kai ƙarshe ba, kuma ba lallai ta zama zargi ba: kiɗan da Franz Schubert ya fara a 1822 ya bari a kashi biyu, da sunan Unfinished ya shahara, majami'ar Sagrada Familia ta Basilona kuma tun 1882 ake gininta, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su shiga. Abandoned ce ke cewa an tattara kayan aiki an tafi, wato kango. Shi ya sa ba ka cika jin ta daga bakin jami'i ba, sai dai "ongoing". Masana'antar ƙarafa ta Ajakuta, wadda aka ƙulla kwantiraginta da Tarayyar Sobiyat a 1979, an sha cewa ta kai kashi 98 cikin ɗari tun 1994. Ragowar kashi biyun sun girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan littafi.

Sai inconclusive, wadda Kanawa suka Hausantar zuwa inkonkulusif. Bayan zaɓen gwamnoni na 9 ga Maris, 2019, hukumar INEC ta ayyana na jihohi shida da wannan suna: Kano, Sakkwato, Bauci, Adamawa, Filato da Binuwai. A Kano, Abba Kabir Yusuf yana gaban Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'a sama da 26,000, amma masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi wannan tazara yawa, aka sake zaɓe a wuraren ranar 23 ga wata, aka bayyana Ganduje. A Turanci kalmar ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan. Tushenta "rufewa" ne, ma'anarta kuma abin da bai rufe magana ba. Gwajin jini yana iya kammala tsaf, likita ya ce sakamakon inconclusive ne, don bai nuna e ko a'a ba. Amma a bakin mutane da dama a Arewa ta koma nufin murɗiya, har ta zama abin zolaya a majalisa. Mai fassara labarin asibiti ko na binciken 'yan sanda sai ya yi hattara, don abin da mai sauraronsa zai ji ya fi abin da Baturen ya faɗa nauyi.

Zamanin kwamfuta ya ƙaro wasu biyu, bug da glitch, duka masu sautin wasa. Bug dai ƙwaro ne, kuma injiniyoyi sun daɗe da aron sunan, don Thomas Edison ya yi amfani da shi a wata wasiƙa a 1878. Sanannen ƙwaron fitilar da aka ciro daga kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard a 1947 aka manna a littafin aiki, raha ce ma'aikatan suka yi da tsohuwar kalma. Glitch kuwa ta bazu ne daga bakin 'yan sama jannatin Amurka a farkon shekarun 1960, tana nufin ɗan tsallen wutar lantarki da ke zuwa ya wuce. Duk wanda ya ce glitch ya yi da'awa uku a numfashi ɗaya: abin ƙarami ne, ya riga ya wuce, kuma ba hannun kowa. Da ita da 'yar uwarta hitch aka bayyana abin da ya hana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023 hawa shafin IReV na hukumar INEC a kan kari. Ko da'awar gaskiya ce ko a'a, hujja ce za ta nuna, kalmar ita kaɗai ba ta isa ba. Birtaniya ta ɗanɗana wannan. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata da ha'inci, saboda manhajar lissafi mai suna Horizon tana nuna giɓi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu sun talauce, wasu sun kashe kansu, hukumar gidan waya kuma tana ta cewa manhajarta garau take. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar cewa tana cike da "bugs, errors and defects", a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta wanke waɗanda aka hukunta.

Wani gargaɗi ga mai koyon Turanci: yawancin waɗannan kalmomi na kaya ne, in aka ɗora su kan mutum sukan zama cin fuska. Kana iya cewa mutum yana da faults ko flaws, wato halayen da ba a yaba ba, ba wanda zai ji haushi. Amma defective ta haramta a kan ɗan Adam. Dokar Birtaniya ta 1913 ta kira masu jinkirin fahimta "defectives", ta ba da ikon tsare su a gidaje na musamman, wasu har ƙarshen rayuwarsu, kuma ba a soke ta ba sai 1959. Likitoci har yanzu suna cewa "birth defect" game da lalurar da aka haifi jariri da ita, amma lalurar suke sifantawa, ba jaririn ba.

Akwai wasu ƙananan kalmomi biyu da suka fi duk waɗannan tsada ga mai sayen mota: "as is". In ka gan su a takardar gwanjo, mai sayarwa yana cewa ne ga kaya yadda yake, da aibin da ka gani da wanda ba ka gani ba, in ka biya ka ɗauka duka. Da wannan sharaɗi ake sayar da motoci a manyan wuraren gwanjon Amurka, inda da yawa daga cikin tokumbon da ke sauka a Legas da Kwatano ke fitowa, wasunsu ma da shaidar "salvage", wato inshora ta riga ta yanke cewa gyaransu bai cancanci kuɗinsa ba. A cikinsu akwai masu ɗauke da jakar iskar kamfanin Takata na Jafan, wadda makanikai ke kira iyabag. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ta fashe da ƙarfin da ke watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba. An yi kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, fiye da mutum 30 sun mutu a duniya, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motocin Honda na farkon shekarun 2000 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, ga su kuwa birjik a titunanmu, ga zafi. Wasiƙar kiranye ba ta bin mota zuwa Kano ko Maraɗi. In motarka daga Amurka ta fito, duba lambar casis mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka shigar da ita a shafin intanet na hukumar NHTSA ta Amurka. Kyauta ne, kuma nan take zai nuna maka ko akwai defect da ba a gyara ba.